Darar Hawayi ta shiga gidan gilashi, tamu fa?

A wannan mako filin namu zai yi doguwar tafiya, har tsakiyar Tekun Fasifik, sa'an nan ya komo gida ya sauka a Korahane, cikin gundumar Dakoro ta jahar Maraɗi. Abin da ya haɗa wuraren nan biyu wasa ne na zaune, irin wanda mu muke kira dara.

Hawayi wasu tsibirai ne da ke nesa da gaɓar Amurka da tazarar kusan kilomita 4,000. Mutanenta na asali suna da wani wasa da suke kira konane. Ana yin sa bisa faffaɗan dutse da aka fafe masa ƙananan gurabe jeri-jeri, ko kuwa bisa allon itace, sunan allon papamu. Mutum guda ya ɗauki baƙar tsakuwa ta dutsen da ke aman wuta, abokin karawarsa ya ɗauki fara ta bakin teku. Sai a cika gurabe duka, baƙa kusa da fara, fara kusa da baƙa. Mai baƙa ya cire ɗansa guda daga tsakiya ko daga kusurwa, mai fara ya cire nasa da ke maƙwabtaka da wurin, daga nan wasa ya tashi. Babu tafiya sai da ci: ka tsallake ɗan abokinka ka faɗa gurbin da babu kowa, ka ɗauke shi, gaba ko baya, dama ko hagu, amma ban da karkace. Yawan abin da ka ci ba shi ne nasara ba. Wanda ya fara rasa inda zai tsallaka shi ne ya faɗi, ko da kuwa ya tara tsakuwa cike da hannu. Bafatake zai gane wannan hukunci da sauri, domin ya san mai kaya jibge a sito wanda hanya ta toshe masa.

Turawa sun fara ganin wasan ne lokacin da jiragen ruwan kaftin Kuk na Ingila suka isa tsibiran a 1778 da 1779. Labarin tafiyar ya bayyana wani allo mai gida 238, wato jeri 14 sau 17, ya kuma ce ga alama wasan ya fi darar Turawa sarƙaƙiya. An ce sarki Kamehameha na ɗaya, wanda ya haɗe tsibiran ƙarƙashin sarauta guda, gwani ne na konane. Ya rasu a 1819. A 1820 'yan mishan suka sauka daga Amurka, kuma ba su yi maraba da wasannin gargajiya ba, musamman da yake ana sa dukiya a kansu. Cututtukan da jirage suka kawo suka rage jama'a ƙwarai. A 1893 aka tumɓuke sarauniya Liliyuokalani, a 1896 aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa a makarantu, a 1898 Amurka ta haɗiye ƙasar. Cikin wannan guguwa konane ya yi ta ja da baya, har ya kasance a farkon ƙarni na 20 masu bincike sai sun nemi tsofaffi ɗai-ɗai kafin su ji yadda ake yin sa.

To amma allon bai ɓace ba. Duwatsun da aka fafe suna nan inda kakanni suka bar su, kamar wanda ake nuna wa baƙi a Puuhonua o Honaunau, wurin da ya zama gandun tarihi a 1961. Gidan kayan tarihi na Bishop da aka kafa a Honolulu a 1889 ya adana wasu allunan. Wani masanin wasanni mai suna Stewart Culin ya rubuta bayanin wasannin Hawayi a 1899. Saboda haka da 'yan ƙasar suka farka a shekarun 1970, har harshensu ya samu matsayin harshen hukuma a 1978, sun tarar da abin kamawa: ga dutse, ga takarda. Yau ana koya wa yara konane a makarantu.

Akwai kuma wani reshe na labarin, wanda shi ne ya shafi aljihu. Bayan Hawayi ta zama jiha ta 50 ta Amurka a 1959, jiragen sama suka riƙa zubo masu yawon buɗe ido, masassaƙa kuma suka shiga yi musu ƙananan allunan konane na tsaraba, a cikin kwali, da 'yar takardar da ke bayyana dokokin wasa. Mafi daraja su ne na itacen koa, wanda dangin bagaruwa ne da farar ƙaya, sai dai shi yana girma ya yi katako mai sheƙi. Waɗannan kayan tsaraba yanzu sun ba shekara 50 baya, sun zama abin da masu tara tsofaffin kaya ke farauta a shagunan gwanjo da kasuwannin intanet. Ku ji abin da mai saye ke tambaya: kwalin yana nan? Takardar fa? 'Ya'yan sun cika? Akwai tambarin wanda ya sassaƙa? Allon da ba a taɓa wasa da shi ba ya fi wanda aka mora tsada. Wato dai abin da aka yi domin hannu biyu su kara a kansa, darajarsa ta koma ga rashin taɓawa. Ya samu wuri cikin kabad ɗin gilashi, kusa da kwanonin da ba a cin tuwo a ciki.

Mu komo gida. Korahane ƙaramar hukuma ce ta karkara, ƙasar manoma da makiyaya, inda Bahaushe da Bafillace da Buzu ke shan rijiya guda, ba nesa ba da iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata. A ƙasa irin wannan, daga an kai amfanin gona rumbu har zuwa faɗuwar ruwa, dara ita ce majalisar maza. Ba a bukatar kafinta. A share rairayi, a dangwala gurabe 30 da yatsa, biyar sau shida. Wannan ya karya kara 12, wancan ya tsinto kashin raƙumi ko ƙwallon aduwa ko tsakuwa 12. A yi ta zubi ɗaya bayan ɗaya, kuma a lokacin zubi an hana jera uku. In an gama, gurbi shida ne kaɗai suka rage babu kowa, a cikinsu za a yi duk yaƙin. Ka gusa ɗanka gida guda, in ka jera uku ka ci ɗaya daga cikin na abokinka. Huɗu a jere ba ci ba ne. Gwanaye sun san cewa tun a zubi ake cin wasa ko a faɗi, domin a can ne ake ƙulla doki, wato tsarin da ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin gida biyu, kowane taku da ci. Wanda aka hau masa doki sai dai ya yi ta kallo ana kwashe masa dukiya, 'yan kallo suna yi masa jaje na ba'a.

Babu sa'a a cikin dara, babu ƙuri'a, babu ɓoyayyen kati. Komi a fili yake, gaban kowa. In ka faɗi, kai ka kayar da kanka. Ina jin shi ya sa ta shiga harshe har ta zauna: in makirci ya juya kan mai shi sai a ce dara ta ci gida, malamin lakwal kuma in ya zana layuka masu ratsa juna a allo sai ya ce gidan dara. Zabarmawa suna yin ta da sunan dili. Wasa ne da mutum zai tashi daga Dakoro ya sauka Tera ko Agadas, bai iya harshen wurin ba, ya tsuguna ya yi shi.

Ga inda bambancin yake. Konane ya yi allo, shi ya sa aka saye shi, aka tara shi, aka kulle shi, shi ya sa kuma aka samu abin tayar da shi. Darar Korahane ba ta da allo. Iskar yamma ke share ta, akuya ta taka sauran. Ba wanda zai sace ta ya kai Pari, ba jami'in duwan da zai kama ta a mota. Wannan abin farin ciki ne, amma rabinsa. Ɗaya rabin shi ne, ranar da gwanin ƙarshe na wani ƙauye ya kwanta dama, babu dutsen da jikansa zai tono ya ce ga abin da kakana ke yi. Hawayi ta yi asarar 'yan wasa ta riƙe allo. Mu in muka yi asarar 'yan wasa, rairayi kawai zai rage, kuma rairayi ba mu rasa shi ba.

Kada wani ya ce ai dara ba ta mutu ba. Gaskiya ne, ba ta mutu ba, je ka bakin kasuwa ko tashar mota ka gani. Amma ka dubi kawunan da suka sunkuya a kanta, ka ƙirga furfura. Rani shi ne makarantar dara, yaro na tsaye bayan babansa shekara da shekaru kafin a ba shi kara ya riƙe. Yanzu kuwa rani ba ya tarar da samari a gida. Tun fari na 1973 da na 1984 cin rani ya zama dole a ƙasar Dakoro, da can Kano da Legas, daga baya Libiya da Aljeriya, tun 2014 kuma ga zinariyar Jado. Waɗanda suka rage a fada, ga shayi ga karta ga lido ga waya a tafin hannu. Ba zagin samari nake ba, wanda ya tafi neman abin da zai ciyar da gida bai yi laifi ba. Ina dai nuna inda igiyar ta fara tsinkewa.

Yanzu ga 'yan uwana fatake, domin akwai wata darar da ita tana da allo, kuma ku kuka fi kowa sanin kasuwarta. Ita ce mai gurbi 12 da 'ya'ya 48, wadda Yarabawa ke kira ayo, mutanen Kodibuwa su ce awale. Ana sassaƙa ta da itace, wani lokaci da ƙafafu, da murfi, da siffar kada ko ta mutum. Sanin kowa ne cewa a Abijan cinikin sassaƙe-sassaƙe ya daɗe a hannun Hausawa, da yawansu 'yan Nijar. Wani Ba'amurke, Christopher Steiner, ya zauna da su ya fitar da littafi a kansu a 1994, kuma kafin nan an yi fim kan wani bafataken ƙasar nan da ke kai irin wannan haja Amurka. Su kansu fataken ba sa ce mata kayan tarihi, itace suke ce mata, iyakarta ke nan.

Abin lura shi ne, mai sayen allon Hawayi yana son sabo fil a kwalinsa, amma mai sayen allon Afirka yana son ya ga ya sha hannu: gurabe sun lashe, gefe ya yi baƙi da gumi, gara ta ɗan taɓa ƙafa. Tun da haka yake so, haka aka yi masa. A sassaƙa allo yau, a rataye shi bisa murhu ya sha hayaƙi, a shafe shi da mai da toka da ruwan goro, a binne shi 'yan makonni, ya fito kamar na kakan kaka. Masu saye da yawa sun san da haka, masu sayarwa sun san sun sani. Wasan ya zama dara ta biyu, kowa na ƙulla wa ɗan uwansa doki.

Ni a ganina wannan hanya ta kai ƙarshenta, kuma ba wa'azi nake ba, lissafi nake. Na farko, baƙin da ke zuwa da ƙafafunsu sun ɗauke tun tawayen 2007 da sace-sacen Turawa na 2010, ciniki ya koma hoto ta waya, inda mai saye ke da lokacin nuna wa masana kafin ya biya. Na biyu, a manyan gidajen gwanjo ba tsufa ake saye ba, takarda ake saye: wa ya mallaki abin, a wace shekara ya fita, a wane littafi aka buga hotonsa. Bafataken da ya kawo kaya a buhu ba shi da wannan takarda, saboda haka ko da nasa na gaskiya ne, kuɗin jabu za a ba shi, ribar kuma ta tafi ga wanda ya ƙirƙiro masa tarihi a can. Na uku, doka. A nan gida dokar 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izinin hukuma ba, kuma Nijar ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 tun 1972. A can kuma, tun 28 ga Yuni 2025 Tarayyar Turai ta fara aiki sosai da dokarta ta shigo da kayan al'adu: abin da aka tono daga ƙasa wanda ya wuce shekara 250 sai da lasisi, wanda kuma ya wuce shekara 200 kuma kuɗinsa ya kai yuro 18,000, wajen sefa miliyan 11 da jika 800, sai an gabatar da shaidar ya fito ta halal. Allon dara da wuya ya kai wannan mizani, amma ma'anar a fili take: kalmar "tsoho" da a da take ƙara kuɗi, yau tana jawo tambaya.

Mun kuwa ga abin da son tsoho ke yi wa ƙasa. A Bura, cikin gundumar Tera, an gano wata tsohuwar maƙabarta mai tukwane da mutum-mutumin yumɓu a 1975, masanin ƙasar nan Bube Gado ya haƙa ta bisa ƙa'ida a 1983. Da aka nuna kayan a Pari a 1993 duniya ta gan su, sai kasuwa ta buɗe baki. Faɗuwar darajar sefa ta Janairun 1994 ta ninka abin da kuɗin waje ke sayowa, talaka kuma yana cikin matsi. Aka bi wuraren da diga da shebur, aka farfasa abin da ba ya sayuwa. A shekarar 2000 kayan Bura suka shiga jan jerin hukumar gidajen tarihi ta duniya. Ƙauyawan da suka yi haƙan sun ci 'yan jikkunansu sun ƙare tun tuni.

Abin da ya kamata mu ɗauka daga Hawayi shi ne dabarar masassaƙan shekarun 1960, waɗanda ba su yi ƙaryar tsufa ba. Sun yi sabon abu mai kyau, suka sa tambarinsu, suka haɗa da takardar dokoki, shekaru suka yi sauran aikin. Me zai hana masassaƙinmu da ke fafe turmi da akushi ya yi allon dara mai gurbi 30, a ƙona sunansa da na garinsu da shekara a bayansa, a ɗinka wa 'ya'yan 'yar jakar fata irin ta dukawa, a sa takarda da Hausa da Faransanci? Ba sai an sare ƙirya ko gawo ba, kowa ya san tsakaninsa da ma'aikatan gandun daji. Reshen bedi ya isa. Kasuwarsa ta farko ma ba Turai ba ce. Ma'aikacin da aka yi wa canji zuwa Yamai, yana zaune gidan siminti inda babu rairayin dangwalawa, shi ne mai saye na fari. Sai ɗan Maraɗi da ke Kwatano ko Jidda ko Niyok, wanda 'ya'yansa ba su taɓa ganin kashin raƙumi ba.

Na san akwai masu cewa da zarar dara ta hau katako ta tashi daga dara. Suna da hujja, domin rabin daɗinta shi ne taron da ke kewaye da ita, da shawarar da ba a nema ba, da wanda zai share gurabe da ƙafa in ya ga za a kunyata shi. Allo ba ya ɗauke wannan ya kai birni. Amma ban ga yadda allon da ke Yamai zai hana a tsuguna a Korahane ba.

Sauran magana ta ma'aikata ce. Kokowa ta samu gata tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, yau ga filaye, ga takobi, ga rediyo da talabijin. Wasan taubasai ya shiga jerin gadon duniya na UNESCO a 2014, goge na Abzinawa da ake kira imzad ya riga shi da shekara guda. Gidan kayan tarihi na ƙasa, mai sunan Bubu Hama, yana nan tun 1959. Duk wannan ya nuna in hukuma ta so, ta iya. Dara kuwa ba ta neman fili ko bene. Abin da take nema ya fi ƙarfin kuɗi, ya yi kuma ƙasa da a rubuta masa takardar neman tallafi: mutum guda mai haƙuri, da kaye, da alƙalami. Mushen lakwal da aka tura ƙauye, da malamin asibiti, da sakataren magajin gari, dukansu suna da yammacin da ba su san yadda za su yi da shi ba. Su zauna wurin tsofaffi su rubuta. Ba dokoki kaɗai ba, domin dokokin dara ana iya samunsu a littattafan Turawa cikin layi goma. Abin da babu a can shi ne sunayen tarkuna, da yadda ake buɗe zubi, da kirarin da ake yi wa gwani, da habaicin da ake jefa wa wanda aka ci, da sunan da Bafillace ke ba wani tsari wanda Bahaushe ke kira da wani suna daban. A zana wasa guda daga zubin farko har ƙarshe, gurbi bayan gurbi, kamar yadda masu darar Turawa ke adana wasannin gwanayensu. Mai waya ya ɗauki hoto mai motsi, amma ya rubuta kuma, domin waya tana faɗawa rijiya.

In an yi wannan, gasa tsakanin ƙauyukan ƙaramar hukuma ranar kasuwa ba za ta gagara ba, kuma na tabbata akwai alhazan da za su sa buhun shinkafa ko rago domin a ambaci sunansu. Sai dai ina gargaɗin duk wanda zai shirya ta da ya tara dattawa tukuna a daidaita abu biyu, tun kafin a dangwala gurbin farko. Shin ana cin ɗan da ke cikin ukun da ta riga ta tsaya, ko kuwa ta zama ganuwa? Kuma wanda ya cinye abokinsa ba tare da an ci masa ko ɗa guda ba, ci ɗaya za a rubuta masa ko biyu? Wani gari haka, wani gari haka, kuma kowane gari zai rantse cewa tasa ce ta asali. A rubuta duka biyun a kaye, da sunan garin da ke bin kowace, sa'an nan a zaɓi wadda za a bi ranar gasa.